Mai Dankali na Ƙarfe Bakwai

Aikina a tashar jiragen ruwan nan ta tsibirin Chiloé
bai taka kara ya karya ba:
kowace Litinin in hau tsani
in goge kashin tsuntsu daga idon kyamara.
Don masunta aka kafa ta,
su leƙa fuskar teku a waya kafin su yaye bargo.

Sai dai wanda ya ɗaura ta, hannunsa ya karkace.
Rabin hoton ruwa ne,
rabi kuma wani benci mai ƙafa uku, ta huɗun dutse,
inda Eleuterio Barría ke zama
bakwai da kwata, ko da ruwa ko da iska,
ya ɓare dafaffen dankali da farce,
ya ci biyu, ya jefa wa kare ɓawon,
ya yi tari, ya tafi.
Shekara goma sha ɗaya ke nan, tun rasuwar matarsa.
Ko waya ba shi da ita.

Ni ma ban sani ba
sai da 'yar ƙanwata ta miƙo mini tata:
mutum dubu tara na kallon tsoho yana cin dankali.
Wata nas a Osaka ba ta taɓa abincin dare sai ya zauna.
Wani direban tirela a Poland ya raɗa wa karen suna,
aka kwana uku ana musu a kan sunan
har wasu ba sa ga-maciji da juna.
Akwai mai ƙirga hulunansa:
shuɗiya sau arba'in, ja sau shida.
Ran da iska ta fizge jar
sai da aka sa wa bidiyon kiɗa.

Wata Laraba benci ya wuni ba kowa.
Wayar ofis ta hana mu shan shayi,
harsunan da ban taɓa ji ba suna tambayata lafiyar tsoho.
Ashe haƙori ya je cirewa a Castro.

Jikarsa Yasna ce bakinta ya kasa riƙewa.
Ya daɗe yana duban kansa a tafin hannunta,
can ya ce, "Ashe haka na ranƙwafa?"

Washegari sai ga shi da kwat ɗin zuwa coci,
gashi ya sha mai,
dankali a faranti, har da cokali mai yatsu.
Ya ɗaga wa falwaya hannu.
Ya yi gyaran murya, ya yi jawabi
ga na'urar da ba a yi mata kunne ba.
Karen ya tsaya daga nesa yana shinshina iska.

Dubu tara ta koma dubu uku,
uku ta koma ɗari biyu.
Wani ya rubuta: an ɓata mana shi.
Wani ya rubuta: dama can shiri ne.
Suka ɗunguma wata ƙasa
kallon kazar da ke kwanci a cikin tayar mota.

Mako biyu ya yi yana ado,
sannan shuɗiyar hula ta dawo, farce ya koma bakin aiki.

Litinin ɗin nan na hau tsani da sukudireba,
da takardar manaja a aljihu:
a miƙe kyamara, ta fuskanci teku kawai.
Sai na ji muryarsa daga ƙasa, bai ko ɗago ba:
"Saura nawa?"
Na duba. "Goma sha huɗu."
Ya tauna, ya haɗiye.
"Ran da muka binne Ercilia ba a kai haka ba.
Ta Osakan fa?"
"Tana nan."
"To, ta ci abincinta kada ya huce."

Na goge gilashin da hannun riga.
Na ɗan taɓa kusar, tsatsa ta cinye ta.
Haka zan faɗa wa manaja.