Shataletale

Shekara goma sha tara ina tuƙa bas a Coventry,
na san kowace kwana kamar zanen tafin hannuna.
Ban taɓa zagaya shataletale sau biyu ba
sai ranar Talata, da na fito daga asibiti.

Likita ta zana mini abin a bayan ambulan:
ɗan ƙulli kamar goro, a ƙarƙashin mafitsara.
Ta ce, "Mun kama shi da wuri, Malam Sallau,"
sai ka ce ɓarawon akuya.
Ciwon daji ne, amma bai yi reshe ba.
Na yi dariya ni kaɗai a cikin lif:
dajin da na baro can bayan Ƙaura
ashe ya biyo ni, ko biza bai nema ba.

Na ce, "To, me za a yi?"
Ta ce, "Kai za ka zaɓa."
Ni da na saba a rubuta, in haɗiye, in yi godiya,
yau an miƙo mini alƙalamin.

Hanyar farko wuƙa ce.
A cire, a yar, a wanke hannu.
Sai dai fitsari kan ƙwace linzami,
wani na makonni, wani ya fi haka.
Na tuna sahun gaba a masallacinmu na Foleshill,
da alwala ɗaya da ke kai ni Magariba har Isha'i.
Liman ya ce addini ya sauƙaƙa wa mai lalura.
Na sani.
Zuciya ce ba ta karanta wannan babin ba.

Ta biyu haske ne, gashi ba wuta,
safiya ashirin a kwance ƙarƙashin na'ura.
Barau mai tasi ya bi ta nan bara,
ya ce ba zafi, sai gajiya,
da hanji da ya daina neman izini.
"Bi tawa," in ji shi.
Kowa ya haye rafi, mashigarsa yake yabo.

Ta uku kuwa, a bar shi a sa masa ido,
a ɗebi jini duk bayan wata uku.
Maciji ne a ɗaki, an ce mai nauyin barci ne,
mai yiwuwa in tsufa, wani abin daban ya ɗauke ni
shi bai ko juya ba.
To, amma ni fa? Wa zai ba ni nawa barcin?

Ramlatu ta bugo daga Leeds da lissafi:
kashi kaza cikin ɗari, kaza cikin goma.
Na ce, 'yata, ni ba ɗari ba ne.
Ni ɗaya ne.

Akwai shafi na tara a ɗan littafin asibiti,
wanda na naɗe na cusa a aljihun rigar sanyi.
Dije ta same shi ranar wanki.
Shekara talatin da ɗaya
ba mu taɓa kiran wannan abu da baki ba.
Ta ajiye mini shayi, ta tsaya kallon ruwa a taga,
ta ce, "Ba shafi na tara na aura ba.
Kada ka zaɓa don ni.
Kada kuma ka zaɓa ba ni."

Na yi istihara. Ban ga komai ba
sai agogo ya tashe ni aikin asuba.
Likita ta ce akwai lokaci, ba gobara ba ce,
ni ma ba na son zaɓen tumun dare.
Tambayoyi bakwai na rubuta a bayan takardar aiki,
ta takwas Dije ta ƙara da hannunta.
Alhamis za mu koma, mu biyu.

Ga shataletale nan a gaba, ruwa na zuba,
fasinja na gyangyaɗi a bayana.
Na rage gudu.
Ban sa sigina ba tukuna.