Tambarin Shuɗi

Na san akuyar nan tun tana tsotso.
Ta Barira ce, ta bayan rijiya a Tirmini,
ja, mai farin goshi, kunne ɗaya a tsage.
Harawar wake ta ci, da dusar hatsi,
da ƴaƴan gawo da yara ke kakkaɓo mata,
wata rana har da gefen zane a kan igiyar shanya.
Ba abin da ya shiga cikinta
da ba zan iya faɗa maka sunansa ba.

Da kuɗin magani ya taso wa Barira, ni ta aiko wa.
Na taya jika goma sha bakwai, ta ce albarka,
na ƙara dala ɗari, ta sallama tana kallon ƙasa.

Bayan asuba na kayar da ita, fuska gabas,
na ambaci Allah, wuƙa ta wuce sau ɗaya.
Na duba hanta yadda ubana Tsayabu ya koya mini:
a murza da babban yatsa, a tsaga, a sansana.
Huhu tas. Saifa lafiya.
Kitsen ƙoda fari kamar audugar bana.

Da hantsi sai ga babur.
Ina tambari? in ji mai takarda.
Na ce tambari yana Damagaram,
ni da akuya muna nan,
tsakaninmu kwalta da kuɗin mai.
Kafin in kai ta mayanka in dawo
riba ta zube a hanya, har da ƙafa ɗaya ta uwar kuɗi.

Ba mugu ba ne, na shaida.
Kau da kai ya yi lokacin da yaronsa ke tuttula kananzir.
Ranar ko ungulu ba ta sauka ba.

Ran Alhamis na shiga kasuwar Dole.
Ga kaji cikin kwali, ƙanƙara ta sandarar da su,
ba kai, ba ƙafa, ba wanda ya taɓa jin cararsu,
ba wanda zai ce ga matar da ta watsa musu tsaba.
Sun ƙetare ruwa, sun kwana a mota,
amma su da takardarsu.
Ta Barira da ta girma a gaban idon gari
ita ce baƙuwa, ita ce ɓarauniya.

Kada ku ce ina gaba da doka.
Ni na ɗauki makarar ɗan Ilu
shekarar da wani ya sayar da mushen sa cikin dare.
Yaron bai kai nauyin tunkiya ba.
Wanda ya ɗauki wannan
ba ya roƙon a bar nama ba dubawa.

Ku duba! Shi nake roƙo.
Amma ku zo inda wuƙar take.
Daɓen siminti taku goma, famfo, ƙugiya uku,
rami mai murfi don jini da tumbi,
likitan dabbobi ranar kasuwarmu, da tawadarsa a aljihu,
da kuɗin da mahaucin akuya ɗaya zai biya
bai kwana da yunwa ba.
In ya ga tsutsa a hanta, ni zan haƙa ramin.
In ya ga lafiya, ya buga,
in rataye cinya da rana tsaka a bakin hanya,
mai jego ta aiko a yanka mata ta dala arba'in
ba tare da raɗa ba.

Barira ta yi wata yanzu, baƙa, da ciki.
Jiya ta tambaye ni ta katanga:
in sun girma fa, Ɗan Jimma?

Ban amsa ba. Ina wasa wuƙa a dutsen ubana,
ina tunanin wurin nan a cinya,
faɗin tafin hannu, ƙasa da ƙugu kaɗan,
inda shuɗin ke zama.