Kwandon Yen Ɗari Uku

A Osaka, bayan layin masu sayar da wayoyi,
akwai shago mai faɗin tabarma biyu,
hawa na uku, matakalarsa tana kuka.
Mai shi, Kuramochi, ba ya ɗaga kai
sai an taɓa gilashi.

Bayan gilashin manya suke zaune:
wanda ke rikiɗa ya zama jirgin yaƙi,
wanda ke naɗewa ya koma motar tsere,
da wani ja mai kambin zinariya
da ke zama damisa, in ji kwalinsa.
In ji kwalinsa, na ce,
don shekara arba'in ba wanda ya gani.
Ranar da aka yanke hatimi, rabin kuɗin ya tafi.
Masu tara su kan zo da safar hannu,
suna magana ƙasa-ƙasa kamar masu zaman makoki,
suna duba kusurwar kwali,
ba sa duba wanda ke kwance a ciki.

Ni ƙasa nake kallo.
Akwai kwando a bakin ƙofa, inda ake jingine lema,
an rubuta: yen ɗari uku, ba a mayarwa.
Nan na same shi. Kore, fenti ya koɗe,
hannu guda ya saki,
mutum-mutumin da ke zama motar kwashe shara.

Ni na zana shi.
Ina ɗan shekara ashirin da shida,
a wata masana'anta a Yao mai warin narkakkiyar roba.
Shugaban sashe ya ce, yaro bindiga yake so.
Na ce, yaro bai taɓa ganin jirgin yaƙi a layinsu ba,
amma da safe yana manne da taga
yana jiran motar shara da ɗan kiɗanta.
Ya yi dariya, ya sa hannu.
Aka buga dubu takwas.
Dubu biyar suka dawo.

Lanƙwasa goma sha tara, ba ƙusa ko ɗaya.
Kafaɗa ta shige ƙirji,
gwiwa ta juya ta zama taya,
kai ya sunkuya ya ɓuya bayan sitiyari,
sai ka ji ƙas!
Wata huɗu na yi ina neman ƙas ɗin nan,
har matata Harue ta daina ajiye mini abinci da zafi.

Mujallar masu tarawa layi ɗaya ta ba shi:
mummuna, ga araha.
To, araha ba ta ado, na sani.

Ina tsugune sai ga ƙaramin hannu ya riga ni.
Yarinya ce, haƙoran gaba biyu babu,
ubanta na can yana ciniki da gilashi.
Ba ta nemi takardar bayani ba.
A lanƙwasa ta bakwai ta ɓata,
inda kowa ke ɓata,
inda ni ma na ɓata kafin in gano.
Na ciji harshena.
Ta koma baya, ta hura masa iska,
ta lallaɓa gwiwar kamar mai ɗora karaya,
goma sha bakwai,
goma sha takwas,

ƙas!

Ta tura shi a ƙasa,
ya bi gindin kanta yana kwasar ƙura
da wani tsohon rasit.

Chizuru, ajiye, in ji uban,
wannan ko kwali ba shi da shi.

Na lalubi aljihu, tsaba uku,
na ɗora su a hankali kan tebur.
Amma Kuramochi bai dube su ba.
Ba wanda ya taɓa gilashi,
ga shi ya ɗaga kai, tabarau a hannu,
yana tambaya:
wannan ƙarar, daga ina ta fito?