Yatsu Uku

Ɗaki na sha ɗaya, gidan tsofaffi, Barnsley.
Ni ke aikin dare.
Selwyn Tordoff ba ya barci, ba ya kuma kira,
sai dai yatsu uku na hannun damansa
suna hawa, suna sauka a kan bargo:
manuni, na tsakiya, da mai bi masa.
Na ɗauka makyarkyata ce, har na rubuta wa likita.
Ya ce, "Goge, Tabawa. Busa nake yi."

Yana ɗan shekara tara
ubansa ya fito daga ramin kwal, baƙi wuluk sai idanu,
ya miƙa masa ɗan ƙahon tagulla mai madanni uku,
wanda ya lotsa a gefe.
Kuɗin takalmin sanyi ne aka saye shi da su.
Uwa ta ce ba dai a ɗakinta ba.
Sai ya koma ma'ajiyar kwal a bayan gida
yana busa wa ɓeraye
har leɓe ya tsage, ya warke, ya yi kanta.

Yana sha biyar ya bi uban cikin ƙasa.
Da rana huhu ya sha ƙura,
da dare ya mayar da ita sauti.
Badujalar 'yan rami, mutum ashirin da biyar,
jajayen riguna, maɓallan zinariyar ƙarya,
suka ba shi kujerar ƙarshe.
Shekara shida yana matsowa, kujera bayan kujera,
har ranar da ya miƙe shi kaɗai a wani zaure a Manchester,
saura suka kwantar da nasu a cinya.
Ya ja sauti ɗaya, siriri kamar saƙar gizo,
ya ja, ya ja,
har wata a sahun gaba ta manta da numfashi.
Na ce, "Kun ci kofi ke nan?"
"Na biyu muka zo. Alƙalin kurma ne."

Sai dutse.
Ba wani babba ba, bai fi dunƙulen hannu ba,
ya ɓalle daga rufin rami ya same shi a baki.
Haƙora huɗu. Aka ɗinke leɓen da kyau,
kyau na mai shan miya, ba na mai busa ba.
Wata bakwai ƙahon na ƙarƙashin gado.
Enid, matarsa, ita ta sayo sandar,
fara, siririya, tsawonta kamu ɗaya,
ta ajiye gefen shayinsa, ba ta ce uffan ba.

Wanda ya rasa baki guda
sai ga shi da aron ashirin da biyar.
Shekara talatin yana juya wa 'yan kallo ƙeya.
Ba ya tsawa. Gira kawai zai ɗaga,
ƙato mai ƙaton ƙaho ya shiga taitayinsa.
Da aka toshe ramin da kankare
kuɗin riguna ya yanke, na mota ya bi shi,
bai fasa tara su ba, Talata da Alhamis, a bayan coci,
mai albashi da wanda aka sallama.
Kujerun da iyaye maza suka bari
ya zaunar da 'ya'yansu mata.
Ya ce daga baya jana'iza ta fi gasa yawa.
Duk wanda ƙurar ta ci, su suka raka shi.

Jiya Lahadi suka zo.
Ana yayyafi, suka jeru inda ake ajiye motoci,
wata mai furfura a gaba, da sanda a hannu,
ita ce yarinyar da ya koya wa riƙon ƙaho.
Na tura kekensa bakin taga, na buɗe, ko da yake an hana.
Na tanadi hankici don hawaye.
Ya karkata kai, ya saurara,
yatsun nan uku suka tsaya cik.
Ya laluba faranti ya ɗauki cokalin shayi,
ya ɗaga shi sama,
ya ce, "'Yan sahun baya suna gaggawa. Gaya musu."

Na zura kai cikin ruwan na gaya musu.