Ɓera Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Ƙarfe shida na safe a Uberaba,
ruwan daren jiya bai gama ɗiga daga rufin ɗakin gwaji ba.
Ni Zulmira, ni ke buɗe ƙofa,
ni ke zuba wa fararen ɓeraye abinci,
ni ke sanin wanda ya kwana lafiya
tun kafin Dakta Valkiriya ta rataye lemarta.

Kwana goma sha takwas ke nan da aka yi musu allura,
ɗigon jini guda, a cikinsa akwai baƙi
masu wutsiya kamar bakin bulala, ido ba ya ganin su.
Na goma sha bakwai ya daina wanke fuska.
Wanda ya san ɓera ya san abin ba ƙarami ba ne,
don ɓera da yawunsa yake wanka:
ya lashi hannu, ya shafi kunne, ya gyara gashin baki
kamar mai shirin coci ran Lahadi.
Shi kuwa ya maƙure a kusurwa, gashi a tsaitsaye,
yana juya ƙwayar abinci, ya rasa yadda zai yi da ita.

Da rana ta take na ciro maɓuɓɓugar yawunsa
daga ƙarƙashin haɓa.
'Yan tsoka biyu, kamar jiƙaƙƙen wake.
Na aza a sikeli, na rubuta nauyi.
Na binne su a kaki, na yanka siriri
har ɓawon albasa ya fi su kauri,
na rina da shuɗi da ja.

A ƙarƙashin madubi gari ne guda.
Ɗakuna kewaye da juna kamar 'ya'yan inabi,
kowace unguwa da magudanarta.
Sai dai sojojin jini sun yi cincirindo a lunguna
kamar 'yan kallon gobara,
jijiyoyin da ke kawo saƙo, "ga abinci, a saki ruwa,"
sun tsintsinke kamar wayar lantarki bayan hadari.
Can gefe ga sheƙar baƙin,
sun dunƙule kamar ƙwan kifi.

Dakta ta leƙa, ta ce, "Ya yi kyau."
Yankan take nufi.
Na ce na gode.

Ban gaya mata labarin Ataide ba, ubana,
wanda ya girma a arewacin Minas, a ɗakin laka da sanduna,
inda ƙwaron da muke kira wanzami
ke fitowa daga tsagar bango idan an kashe fitila,
ya sha a fuska, ya bar kashinsa a bakin cizo.
Shekara talatin ba a ji komai ba.
Sannan kumatunsa suka kumbura a gindin kunne,
yaran layi suka sa masa suna Muzuru.

Shi nasa yawun yawa ya yi.
Tsumma a aljihu, tsumma a kan matashi,
amma loma ba ta wucewa.
Cokalin wake ɗaya, kofin ruwa ɗaya,
ya miƙe tsaye, ya daki ƙirji kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci.
Mu kuma mu sunkuyar da kai cikin kwanoni.
Mutumin da ke naɗe taba a ɓawon masara,
ya lasa sau ɗaya tak ta kame!

Ƙarfe biyar Dakta ta ɗauki lema.
Na wanke kejin goma sha bakwai, na kife shi ya bushe.
Na tsaya ina haɗiyar yawu, ina ƙirgawa,
ɗaya, biyu, ina jin yadda yake sauka ba gardama.

A kejin kusa, na goma sha takwas
ya lashi hannu,
ya kai kunne.
Gobe layinsa ne.
Na ƙara masa ruwa a kwalba.