Minti Shida a Oruro

Shekara talatin Fermin yana haƙar kuza,
dutsen ya biya shi da ƙura a huhu.

Yau a barandar asibitin Oruro
Nilda ta rataya masa tukunyar iska,
siririn tiyo ya zagaye kunne ya shige hanci.
"Taka, minti shida kawai."

Ya taka.
Abin yatsa na ƙyafta lamba,
casa'in, tamanin da takwas,
ta ɗan murɗa, lambar ta hau.

Da, buhun dutse yake ɗauka.
Yanzu numfashinsa yake goyo
kamar jika mai barci.

Ga bangon da jiya bai kai ba.
Ya taɓa shi, ya juyo,
yana haki yana tambaya:
"Daga gidana zuwa kasuwa, minti nawa ne?"