Ƙanzon Balansiya

Jirgin ƙasa ya sauke Yaya Ladidi a Rigasa
ana jibi Sallah, hadari ya haɗo ta gabas.
Akwatinta shafal, kamar babu komai ciki,
nauyin duk yana jikin wani kasko mai kunne biyu,
faɗinsa ya fi faifai, zurfinsa bai kai ɗan yatsa ba.
Mai keke ya dube shi, ya ce sai an biya masa kujera.

Shekara shida tana Balansiya
tana jinyar wata tsohuwa, Amparo,
wadda ƙafa ta ƙi, baki bai ƙi ba.
Daga kan kujera take girki da hannun wani:
gishiri kaɗan, rage wuta,
ke 'yar nan, janye hannunki.

Ranar Sallah, rago na rataye, hanta na kan garwashi,
Ladidi ta kafa murhunta gindin gwaiba.
Man zaitun ta tsiyaya, ba na gyaɗa ba.
Can da zomo ake yi, in ji ta,
nan wuyan ragon Baba ne ya shiga,
da tumatirin Bakin Dogo, tafarnuwa, koren wake.
Sai ta kwance wata 'yar takarda
ta tsinto za'afaran, siririn ja kamar gashin masara.
Goggo Tasallah ta tambayi kuɗinsa.
Da ta ji, ta yi salati, ta koma kan tabarma.

Shinkafa ta shiga, romo ya rufe ta.
Inna ta taso da muciya.
Ladidi ta tare hanya: ba a juyawa.
Inna ta ce, shekara arba'in ina gaban murhu
ban taɓa barin tukunya ta yanke wa kanta hukunci ba.

Nan ruwa ya kece.
Ni da Tanimu muka riƙe wa kasko lema biyu,
shi a bushe, mu sharkaf cikin sabuwar shadda.
Ladidi ta sunkuya, ta kasa kunne,
ƙasan kaskon na ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen ganye.
Ƙauri ya taso.
Inna ta ce, ta kama!
Ladidi ta ce, shi nake jira.
Can, babban baƙo ake kankare wa.

Baba ya yi dariya har hularsa ta karkace:
kin ƙetare hamada, kin ƙetare teku,
ashe ƙanzo kika je koyowa?
Abin da kuke dambe a kai, ke da Tanimu,
a bakin rijiya, kuna yara?

Ba a raba faranti ba.
Muka kewaye kaskon, kowa da cokalinsa da iyakarsa,
Goggo ta ce babu yaji, ta ce babu magi,
tana faɗa tana cin gonar maƙwabcinta.

Da dare, an ɗauke wuta, muna zaune a zaure,
ta ba ni labarin daren sabuwar shekararsu:
agogo na bugawa, kowa na haɗiyar inabi goma sha biyu,
ƙwaya ɗaya, bugu ɗaya.
Su suna roƙon sa'a.
Ni sunayenku nake kira, in ji ta,
kullum inabin ke ƙarewa kafin mutanen gidan nan.

Kwana tara ta yi.
Na mayar da ita Rigasa da kilishi da daddawa a ƙulle,
kaskon kuwa ta bar shi, wai ya yi nauyi.

Jiya na leƙa madafa neman ashana.
Kasko na kan wuta, shinkafa ta yi shiru.
Inna na kan kujera 'yar tsugunno,
ta danne muciya da ƙafa kada hannu ya ci amanarta,
ta karkata kai
tana sauraro.